Muna Bauchi aka sayar mana da gidan Manchesta: hukuncina kan dillalan

Idan maki za a ba su, kamfanin dillancin gidajen da ya sayar mana da gidanmu na Manchesta a 2024 ya ci bakwai cikin goma a wurina. Maigida ya ce takwas, amma ba shi ya yi ta kwana da takardun ba. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin akwai yabo akwai ƙorafi, kuma irinsu sun cika manyan titunan Ingila: ofis mai gilashi, hotunan gidaje a jere a taga, da wani tsari na musamman da suke tallata wa masu gida mazauna ƙasar waje, wai ka zauna inda kake su yi maka komai. Wannan tsarin muka saya. Na rubuta ne don 'yan uwa likitoci da ma'aikatan jinya da suka dawo gida ko suke haramar dawowa, waɗanda ba na zuwa biki ko suna a garin nan sai ɗaya ta ja ni gefe ta ce, "Hajiya, yaya kuka yi da gidanku na can?"

Gidan ba babba ba ne, ɗaki uku, irin na jan bulo da ake ginawa a jere bango ɗaya, a wata unguwa ta kudancin birnin mai yawan Musulmi. Mun saye shi a 2012 ta hannun wani bankin Musulunci, ina aikin jinya, maigida yana likitanci. A tsarin nasu banki ne ke saye, kai kana biyan haya a kan kasonsa kana kuma fansar kason kaɗan-kaɗan. Kafin mu tattaro mu dawo Bauchi a 2019 mun fanshi abin da ya saura, aka mayar da sunayenmu mu biyu a rajistar filaye. Wanda har yanzu banki ke da kaso a gidansa ya sani cewa sunan banki ne a rajista, lauyan banki zai shigo cikin cinikin, don haka ya ƙara makonni a lissafinsa. Mu dai mun zuba 'yan haya, muna karɓar abin da ya rage bayan gyara da inshora da haraji sun ci rabonsu. Da aka saki farashin canji a Yunin 2023 naira ta yi ƙasa, har fam ɗaya ya kai wajen naira 2,000 a 2024, ga ginin asibitin maigida ya tsaya a linta damina biyu tana dukansa, sai muka ce lokaci ya yi.

Kamfani uku muka sa suka je suka ga gidan. Ɗaya ya ce fam dubu 255, ɗaya dubu 240, ɗaya dubu 235. Na tsakiyar muka ɗauka, ba don son tsakiya ba, sai don su kaɗai suka turo mana farashin da aka sayar da gidaje irin namu a layin da kewaye cikin shekarar, daga rajistar gwamnati wadda kowa zai iya dubawa a intanet. Mai dubu 255 daɗin baki kawai ya turo, tare da yarjejeniyar da za ta ɗaure mu da shi rabin shekara. Dabara ce sananniya: a kumbura maka farashi ka sa hannu, bayan wata ɗaya a fara lallaɓa ka ka sauko.

La'ada suka fara da kashi 1.5 cikin ɗari, muka yi ta ja har 1.25. Kada a ruɗe ka da wannan lamba, domin harajin VAT na kashi 20 yana hawa kanta, sai ta koma 1.5 ɗin da ka gudu. A kan wannan akwai fam 450 na tsarin mazauna waje: riƙon makulli, leƙa gida kowane mako, buɗe wa masu gyara ƙofa, kwashe wasiƙu a ɗauki hotonsu a turo. A takardar yarjejeniya akwai abu biyu da suka yi kama amma ba ɗaya ba ne. A na farko su kaɗai ne dillalanka, amma idan kai da kanka ka samo mai saye ba su da la'ada. A na biyu ko ƙaninka ne ya saya sai ka biya su. Na biyun suka turo, na ce a canja, suka canja ba musu, abin da ya nuna mini cewa suna jiran wanda ba zai karanta ba ne. Wa'adin ɗauri ma daga mako 16 muka dawo da shi 10. Kuma tunda daga nesa muka sa hannu, doka ta ba mu kwana 14 na fasawa.

Abu ɗaya da ya burge ni tun farko, dokar dillalan gidaje ta 1979 da ƙa'idojin da suka biyo bayanta sun tilasta musu su isar maka da kowane tayi a rubuce, komai ƙanƙantarsa. A nan gida kowa ya san yadda ake yi: fili ya bi ta hannun dillali huɗu, kowa ya ɗora nasa, mai fili ya ji wani farashi, mai saye ya biya wani, sai ranar da suka haɗu a wajen ɗaurin aure gaskiya ta fito. A can kuwa tayin da har ya ba ni haushi don rainin da ke cikinsa, shi ma sai da ya shigo imel ɗina da kwanan wata da bayanin ko mai tayin kuɗi ne a hannu ko bashin banki yake jira.

'Yan hayarmu mutanen kirki ne, an ba su notis na wata biyu kamar yadda doka take a lokacin, suka fita lafiya a ƙarshen Fabrairu. Sabuwar dokar haya da aka sa wa hannu a Oktoban 2025 ta soke waccan hanyar, mai son sayarwa sai ya ba da wata huɗu, don haka mai shirin yi yanzu ya fara da wuri. Daga ranar da gida ya zama kango kuɗi suke fara zuba. Harajin kansil, wato na ƙaramar hukuma, ya dawo kanmu. Inshorar gida ta yau da kullum tana daina aiki sosai idan gida ya yi kwana 30 ko 60 ba kowa, dole a sayi ta gidan da ba mutum, ita kuma sharaɗinta a riƙa leƙawa. Ga sanyi, wanda idan aka kashe na'urar ɗumama gida ɗungurungum ruwa kan daskare a bututu ya fasa shi. A nan ne fam 450 ɗin nan ya biya kansa. Yaron da suke turawa yana aiko hoton kowane ɗaki da na mita, shi ya gano ɗigar ruwa ƙarƙashin wurin wanke-wanke tun ba ta ci katako ba. Sun sa aka yi fenti, aka wanke kafet, aka sabunta takardar ƙimar zafin gida wadda ke aiki shekara 10 kuma ba a tallar gida sai da ita. Hotunan da suka ɗora a shafukan tallar gidaje na intanet, Rightmove da Zoopla, sun fi gidan kyau, har yarinyarmu ta ce a fasa.

Sai maganar tantance mu, inda raina ya fara ɓaci. Tun Fabrairun 2023 Najeriya tana cikin jerin ƙasashen da hukumar FATF ke sa wa ido kan halasta kuɗin haram, ba ta fita ba sai Oktoban 2025. A shekarar da muka sayar, duk mazaunin Najeriya da zai yi hulɗa da dillali ko lauya a Birtaniya sai an yi masa binciken ƙwaƙwaf. Fasfonmu na Birtaniya bai cece mu ba, inda kake kwana suke dubawa. Ban ga laifinsu a kan bin doka ba. Laifinsu shi ne suna tallar cewa sun ƙware da mazauna waje, amma wanda suka ajiye a teburin bai taɓa tunanin akwai gidan da adireshinsa "bayan masallacin Juma'a, ƙofa mai ruwan toka" ne ba. Manhajar da ke karanta fasfo ta waya ta yi aiki lafiya. Shaidar wurin zama ce ta zama aiki: a kawo takardar kuɗin wuta ko ta ruwa mai sunanmu, wadda ba ta wuce wata uku ba. Mita ta kati muke da ita, ruwa kuma na burtsatse. Na yi bayani, aka sake turo mini saƙon nan dai kalma da kalma. A ƙarshe takardar bayanin asusu daga bankinmu na nan, da tambarin reshe, da hatimin wani lauya notari, mai tabbatar da sahihancin takardu, a cikin gari, su suka raba gardama. Da muka koma wurin lauyan da suka haɗa mu da shi, sai aka ce a sake komai daga farko, a sake biya. Ofis biyu masu tura wa juna aiki kullum, amma ba za su iya tura wa juna hoton fasfo ba.

Cikin azumi aka sa gidan a kasuwa, bayan sallah da kaɗan muka sallama a kan dubu 238. Maigida ya gaya wa yayansa, aka yi mana Allah sa albarka. A watan Yuni mai sayen ya janye. Ba shi da laifi sosai: sai ya sayar da nasa zai sayi namu, mai sayen nasa kuma banki ya hana shi bashi, sai sarƙar ta tsinke tun daga can. Yaya ya zo gida da yamma ya zauna a tabarma ya ce, "Hajiya, ban gane ba. Ba ku karɓi kafin alƙalami ba ne?" Na ce, "Yaya, ba a karɓa. A Ingila, kafin lauyoyi su yi musayar takardun yarjejeniya, kowa yana iya tafiyarsa ba ya biyan ko sisi." Ya yi shiru, ya ce, "To ashe maganar mutum ba komai ba ce a wurinsu." Ban iya kare su ba. A ranar musayar ce mai saye ke ajiye kaso, galibi goma cikin ɗari, daga nan ne ciniki ya ɗauru. Tsakanin sallamawa da wannan rana wata uku ko huɗu ba abin mamaki ba ne, kuma duk tsawonsa kana biyan kansil da inshora.

Wadda ta riƙe mu a wannan lokaci, kuma saboda ita maki ya kai bakwai, wata baiwar Allah ce a ofishin wadda ba ta tallar gida ba ta kai mutane gani, aikinta kawai bin ciniki har ya kammala. Kowace Talata sai ta kira ta WhatsApp, da labari ko babu. Daga ƙarshen Maris zuwa ƙarshen Oktoba agogonmu da nasu ɗaya ne, don haka ba mu sha wahalar lokaci ba, wahalar sabis ce kawai idan hadari ya haɗo. Ranar da na farko ya janye, kafin ta kira ni ta riga ta kira mutum biyu da suka yi tayi a baya. Ta ba mu shawarar mu ɗauki wasu matasa mata da miji masu sayen gidansu na fari, duk da tayinsu dubu 235 ne, ƙasa da na ɗayan, domin ba su da gidan da za su jira a saya, kuma ta ga takardar amincewar bankinsu da idonta. Dillalin da la'adarsa ke hawa da farashi ya ce maka ka ɗauki ƙaramin tayi, to ka saurare shi.

Ta sake nuna kanta da masu sayen suka turo mai duba gini. Rahotonsa ya ce akwai danshi a bangon baya, kuma rufi na son gyara wajen bututun hayaƙi, suka nemi a rage dubu takwas. Mutumin da ke nesa ba ya iya zuwa ya taɓa bango, kuma masu saye sun san haka. Ita ta tura mai rufi da mai maganin danshi suka yi kiyasi a rubuce, duka bai kai dubu uku da rabi ba, ta ɗora takardun a gabansu. Aka tsaya a ragin dubu uku, gida ya tafi a dubu 232.

Lauyan kuwa, Allah ya ba mu haƙuri. Kamfanin ne ya ba da sunansa, kuma suna karɓar kuɗin turawa a kan kowane mutum. Sun rubuta hakan a takarda kamar yadda ƙa'ida ta ce, da ƙananan haruffa. Irin manyan ofisoshin nan ne masu ɗaukar ɗaruruwan fayil, yau ka yi magana da wannan, jibi da wancan, kowa sai ka ba shi labari daga tushe. Aikin da kansa ba na wasa ba ne. Akwai fom mai suna TA6 inda za ka faɗi gaskiya kan iyaka da maƙwabta, rigima, ambaliya, gyaran da aka yi da izininsa, har da wata ciyawa 'yar Japan mai lalata gini; idan ka ɓoye abu, mai saye na iya kai ka kotu bayan ciniki. Akwai TA10 na abin da za a bari a gida, har labule da fitila. Sannan gidanmu, kamar tsofaffin gidaje da yawa a yankin Manchesta, ba mallakar ƙasa ɗungurungum ba ce, haya ce ta shekara 999 da kuɗin ƙasa 'yan fam kaɗan a shekara, wanda tun da muka saya ba wanda ya zo karɓa. Mu da muka saba da takardar gwamna ta shekara 99 abin bai dame mu ba, amma lauyan masu saye ya tsaya sai an nemo mai ƙasar. Maganin abin wata 'yar inshora ce da ake saye sau ɗaya, wadda lauya mai hankali zai kawo tun makon farko. Namu sai da baiwar Allahn nan ta tuna masa. Wanda zai bi wannan hanya ya nemi lauyansa da kansa, ƙaramin ofis mai mutum ɗaya da za ka san muryarsa, ka kuma tambaye shi tun farko ko ya taɓa yi wa mazaunin Najeriya aiki.

Takardar miƙa mallaka, TR1, da biro muka sa mata hannu a gaban shaida da ke tsaye a ɗakin, ba ta bidiyo ba, kuma aka ce kada ya zama ɗan uwa. Maƙwabcinmu malamin jami'a ya yi mana. Ainihin takardar ake so, don haka ta bi kamfanin aika saƙo ta jirgi. A nemi a turo ta da wuri a sa hannu ta je ta jira, kada ranar musaya ta zo tana hanya.

Batun kuɗi, sun gargaɗe mu da kyau kan 'yan damfara masu kutsen imel su canja lambar asusu, musamman ranar Juma'a da aka fi kammala ciniki. Lambar asusu ta baki muka tabbatar, a kiran da mu muka yi. Lauya ba ya biya sai cikin asusu mai sunan masu gida, kuma ya fi sakin jiki da na Birtaniya. Duk mai gida a can kada ya bari asusunsa ya mutu, kada kuma layin wayarsa na can ya mutu, domin ta nan lambar sirri ke shigowa. Kamfanin ya haɗa mu da wasu 'yan canjinsu, farashinsu bai yi mana ba, muka gode musu. Mun bar kuɗin a fam, muna turowa asusunmu na kuɗin waje a nan kashi-kashi daidai da buƙatar gini, kuma muna ajiye takardar kammala ciniki kusa, domin banki na can da na nan duk sai sun tambayi asalin kuɗin.

Babban abin da ya hana su maki takwas shi ne haraji. Tun 6 ga Afrilun 2015 wanda ba mazaunin Birtaniya ba yana biyan harajin riba idan ya sayar da gidan zama a can. Dole ka kai rahoto ga hukumar haraji, HMRC, cikin kwana 60 daga ranar kammala ciniki, ka kuma biya a cikin wa'adin. Mazaunin waje sai ya kai rahoton ko da ba a bin sa ko kwabo, ko da faɗuwa ya yi. Tarar latti daga fam 100 take farawa ta yi ta hawa. A shekarar da muka sayar, harajin kashi 18 ne ko 24 gwargwadon samun mutum, kuma fam 3,000 na farko na riba ba a taɓa shi. Tunda sunanmu biyu ne a gidan, kowa rahotonsa daban, rangwamensa daban. Wanda ya saya kafin 2015 kamar mu yana iya lissafa riba daga darajar gidan a ranar 5 ga Afrilun 2015, ba daga kuɗin saye ba, amma gara ƙwararren mai kiyasi ya rubuta wannan darajar. Shekarun da ka zauna a ciki da kanka ana cire su, da wata tara na ƙarshe, ana kuma cire la'ada da kuɗin lauya. Duk wannan daga bakin akantan da ke cika mana harajin haya muka ji, shi ya sa aka yi kiyasin tun gida na kasuwa. A cikin ɗan littafin kamfanin mai shafi goma sha biyu na mazauna waje, layi ɗaya ne a ƙasa: a tuntuɓi masanin haraji. Lauya ma bai ce uffan ba, wai ba ya cikin aikinsa. Mutumin da ya gaskata cewa za a yi masa komai zai ga kuɗi sun shigo, ya yi sadaka, ya sayi siminti, sai wasiƙar tara ta je gidan da ba nasa ba kuma.

Ranar miƙa makulli sun yi aikinsu tsaf: hoton mitar wuta da gas da ruwa, sanar da kansil, takardar lissafi da ta nuna kowane fam inda ya tafi. Bayan nan na rubuta musu ƙorafi a kan abu biyu, tantancewar da aka biya sau biyu da shirun da suka yi kan haraji. Kowane dillalin gidaje a can dole ya kasance ƙarƙashin wata hukumar sauraron koke, kuma idan mako takwas ya wuce ba a warware ba kana iya kai maganar gaba, don haka ba sa wasa da irin wannan wasiƙa. Manajan ya amsa cikin ladabi, ya mayar mana da fam 90 na tantancewa. Maganar haraji kuwa ya ce ya gode da shawara.